Baƙin Dutsen da Na Shimfiɗa wa Alhaji Bawa

Ruwan sama ne ya tarbe ni a garin, wani irin yayyafi mara zuciya, ba ya zuba ya wuce kamar na ƙasarmu, ba ya kuma ɗaukewa. Na diro daga bayan motar ɗaukar duwatsu da ƙunshin kayana a hammata, na ɗaga kai ina neman rana don in san gabas, ban gan ta ba. Baturen da ya kawo ni ya ja wani mai tumbi gefe suka yi magana, ya miƙa masa fasfona, sannan ya dafa kafaɗata ya ce da gurguwar Hausarsa, "Gobe, gobe." Ya shiga mota ya tafi. Har yau da nake wannan rubutu goben tasa ba ta yi ba.

Sunana Lawali, mutumin Bungudu. Gidanmu masu sassaƙa dutsen niƙa ne tun kaka da kakanni. Akwai wani falalen dutse a bayan gari, kowa ya san namu ne, ba don an rubuta a ko'ina ba, sai don a nan kakan Baba ya tsufa, a nan Baba ma ya tsufa. Matan Bungudu da na Tsafe har 'Yandoto, da wuya ka shiga gidan da ba a niƙa gero a kan aikin hannun Baba ba. Ni kaɗai ne ɗansa namiji.

A shekarun nan da kuɗin man fetur suka fara shigowa, ko'ina hanya ake yi, ko'ina tsakuwa ake nema. Sai ga Alhaji Bawa, ɗan kwangila a Sabon Garin Gusau, ya fara zuwa gaida Baba da goro da turare. Mutum ne mai zaƙin baki, in yana magana sai ka ji kamar ka ba shi ajiyar ranka. Shi ya ce wa Baba zamanin guduma ya wuce, a bar shi ya tura ni ƙasar Turawa tare da wani Baturen aikin hanya da zai koma gida, in koyo yankan dutse da inji cikin 'yan watanni, in dawo mu haɗa hannu. Baba ya ce, "Alhaji, ɗa guda gare ni." Alhaji Bawa ya ce, "Baba, ai ɗana na. In ƙaya ta soke shi, ni ta soka." Na ji wannan magana da kunnena, kuma da ita na hau jirgin ruwa a Ikko ina murna kamar wawa.

Garin da aka yar da ni yana arewacin Sifaniya, a ƙasar wasu mutane da ake kira Basko. Sunansa doguwa ne, harshena bai taɓa kama shi daidai ba, ni dai Kwatarkwashin Turawa nake ce masa, don ya tuna mini da wannan gari mai duwatsu na wajenmu. Ƙaramin gari ne a cikin kwari, tsaunuka sun matse shi hagu da dama. Titi ɗaya ne na kirki, da coci, da dandali, da wani rafi da ke ratsa tsakiya, ruwansa toka-toka saboda ƙurar dutsen da ke gangarowa daga sama. Sauran gidajen suna warwatse a jikin tsauni, kowane da gonarsa da shanunsa. An ce teku na bayan tsaunin arewa, in iska ta juyo kana jin ƙanshin gishiri. A jikin tsaunin gabas aka yanke wani ƙaton baki, hawa-hawa kamar matakala, baƙi ƙirin. Nan ce mahaƙar dutsen, kuma kusan duk namijin garin a nan yake ci.

Mai tumbin nan shi ne mai mahaƙar. Ya ba ni wani ɗaki a bayan rumbun kayan aiki, da bargo mai warin man inji. Na jira a kai ni wurin inji, aka miƙo mini shebur. Na kwashi marmashin dutse har tafin hannuna, da nake taƙama ya saba, ya tsage saboda sanyi. Injin da aka ce zan koya kuwa daga nesa nake hango shi: wata doguwar waya ce da ke gudu a kan ƙafafun ƙarfe, ana zuba mata yashi da ruwa, tana cin tsauni a hankali har ta yanko gunduma kamar ɗaki. In na matsa kusa sai a daka mini tsawa. Da na fara tsintar maganarsu na tambayi mai tumbi yaushe zan koma gida, sai ya buɗe hannu ya ce ba wanda ya bar masa kuɗin jirgina, shi dai an ce masa ga lebura. Ranar na fara zargin Alhaji Bawa, amma na ce wa zuciyata ta yi haƙuri, wataƙila Baturen ne ya ci amanarsa.

Sai na yi abin da har na bar garin ana ba da labarinsa a gidan shan giyarsu. Akwai wata gundumar dutse da suka yi kwanaki suna fama za su raba biyu. Na dube su na ce a raina, waɗannan da duk injinansu ba su san abin da yaro ya sani a Bungudu ba. Mu a gida wuta muke hura wa dutse. A tara itace da kashin shanu a kansa, a bar shi ya yi zafi, a watsa ruwa, sai ka ji ya yi ƙara ya ɓare. Ranar Lahadi da safe, duk sun tafi coci, na tattaro guntayen katako da wata tsohuwar taya, na jera a kan gundumar na cinna wuta. Ina tsaye ina murmushi, ina hango yadda za su dawo su ɗaga ni sama.

Hayaƙi ne ya fito da su daga coci da kayan adonsu. Kafin su iso na watsa ruwan. Dutsen bai ɓare ba. Fuskarsa ce ta yi fari fat, ta tsattsage ta ko'ina, tana marmashewa kamar alli. Ashe dutsensu ba irin namu ba ne, wuta cinye shi take yi. Mai tumbi ya cire hularsa ya buga da ƙasa, ya kwashe ni da mari har sai da na ga rana a garin da ba rana. Baƙo makaho ne ko da idonsa, na yarda da wannan tun daga ranar.

Wani tsoho ne ya shiga tsakani. Sunansa Paci, gajere, mai faɗin kafaɗa, da baƙar hula shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Dariya yake yi har da hawaye. Shi ne mai bijimai biyu da ke jan gundumomin dutse daga inda mota ba ta iya hawa. Ya ce wa mai tumbi ya ba shi ni, tunda dai shanu ba sa kama wuta da sauƙi.

A nan Allah ya rufa mini asiri. Innata 'yar Tsafe ce, kawunnena Fulani ne masu shanu, a wurinsu na yi rabin yarintata. Da Paci ya kai ni garkensa, na matsa kusa da babban bijimin na sosa masa gindin ƙaho, na yi masa irin kiran da kawuna ke yi wa nasa. Sai ya sunkuyar da kai ya lashi hannuna. Na rungume wuyansa na yi kuka kamar ƙaramin yaro, don tunda na bar gida shi ne na farko da na yi wa magana ya gane. Paci ya juya baya yana gyaran karkiya har na gama.

Na koma gidansa da zama. Matarsa, wadda nake kira Inna Mayite, ta lura ba na taɓa waken da take dafawa, don da naman alade suke haɗa shi. Ba ta tambaye ni komai ba. Washegari na ga ta sayo sabuwar tukunya ƙarama, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta nuna tukunyar ta nuna ni. Har na bar gidan ba wanda ya dafa wani abu a cikinta sai abincina. In azumi ya zo, ta riƙa leƙa taga tana duba mini faɗuwar rana, ta fi ni damuwa.

A bakin Paci na ji tarihin garin, muna tafe a gaban shanu yana ba ni guntu-guntu. Ya ce da can ba gari a nan, makiyayan tumaki ne kawai da masu ƙona dutse su yi farar ƙasa, irin aikin da na yi musu kyauta ranar Lahadi. Daga baya wani ya goge baƙin dutsen ya ga yana sheƙi kamar madubi, da farin zane a jikinsa. Tun daga nan manyan birane suka fara aiko neman sa don coci-coci da gidajen masu mulki. Kakanninsa da shanu suke sauko da shi har bakin teku. Ya nuna mini wasu zagaye-zagaye farare a cikin dutsen, ya ce ƙwanson halittun ruwa ne, wai tsaunin nan duka a ƙarƙashin teku yake a farkon duniya. Na ce masa Allah mai iko, amma a raina na ce tsufa ya fara taɓa shi.

Ya ce a ƙasarsu gida ne ke da suna, mutum aro yake yi. Ba a raba gida, ɗa guda ake bar wa, sauran su fita neman na kansu, shi ya sa rabin 'yan'uwansa suna can ƙetaren teku suna kiwon tumakin wasu. Ya ba ni labarin yaƙin da aka yi yana saurayi, yadda jiragen sama suka ƙona wani gari a bayan tsauni, da yadda janar ɗin da ya ci yaƙin ya hana su magana da harshensu a makaranta da ofis. Shi ya sa in 'yan sanda masu baƙar hula mai sheƙi suka shigo dandali, sai ka ji gari ya yi tsit. Na tambaye shi ko sun manta. Ya tofar da yawu ya ce, "Mu masu dutse ne. Ba ma sauri, ba ma kuma mantuwa." Shekarar da janar ɗin ya mutu ina can, na ga tsofaffi suna shan giya da rana tsaka ba wanda ya ce ga dalili.

A dandalinsu akwai wani ƙaton dutse mai zobe na ƙarfe. Ranar bikin gari sai a ɗaura wa shanu su ja, a ga na wa suka fi nisa. Shekara ta biyu ni na shiga gaban bijiman Paci ina kiransu da Fulatancin kawunnena, muka ci. Daga ranar yara suka daina bina suna taɓa fatata.

Duk da haka kewar gida ba ta sake ni ba. Na aika saƙo ta hannun Alhaji Bawa ban san iyaka ba, tunda shi ne mai akwatin gidan waya, ko sau ɗaya amsa ba ta zo ba. Abin da ya fi damuna rashin rana. In ta fito a tsakiyar bazararsu, nakan je inda ake jingine gogaggun allunan dutse in kwanta a kan wanda aka shimfiɗa, don baƙin dutsen nan yana shan zafi ya riƙe. Wata rana na yi sallar azahar a kan ɗaya, da na yi sujada sai da goshina ya yi ja. Na ji daɗin zafin, ya tuna mini da falalen dutsenmu. Paci ya ce, "Wannan 'yar ranar tamu ke nan. A ƙasarku ai sai a soya ƙwai a kansa." Muka yi dariya muka wuce.

Damina huɗu ta gida ta wuce ni a can. Wata safiya ina ɗaura karkiya aka ce mai tumbi na kirana, wai ya yi baƙo ɗan ƙasarmu, ba sa jin juna. Na sauko da gudu. Wa zan gani a bakin mahaƙa, cikin babbar riga da kwat a sama, riƙe da lema? Alhaji Bawa. Ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace.

Wallahi da na gan shi farin ciki na yi. Na durƙusa cikin taɓo na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a, Lawali, kana nan ashe? Ka ga yadda kaz zama Bature!" Ya ce gida yake ginawa a Gusau wanda ba a taɓa yin irinsa ba, Baturen nan ya ba shi labarin dutsen garin, shi ne ya zo da kansa ya zaɓa. Na ce, "Alhaji, ya Baba? Ya Inna?"

Ya ce, "Au, ba ka jiya ba? Ai tsoho ya kwan biyu da rasuwa. Allah shi jiƙan shi." Ya faɗe ta kamar mai ba da labarin farashin gyaɗa, yana kakkaɓe ruwa daga lemarsa.

Na dafa wata gundumar dutse da ke gefena. Shi kuwa bakinsa bai tsaya ba, don irin mutanen nan ne da ba su san inda magana ke yanka ba. Ya ce bayan tafiyata ya samo izini daga sama ya kafa injin tsakuwa a dutsenmu. "Tsohonka akwai taurin kai. Yaz zo har gidana Sabon Gari, shi da limaminku, wai in bar mai dutse nai, in kuma maido mai ɗa nai. Yat tuɓe takalma tun daga bakin titi, yat tsaya min cikin rana tun hantsi har azahar, awa wanda za a naɗa sarauta. Ni kau ina da baƙi, mi zan yi mai? Da yag gaji yat tahi." Ya yi dariya. "Bayan nan da kwana kaɗan anka ce ya kwanta."

Ajali na Allah ne, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma na hango Baba, mutumin da ko hakimi yake tashi ya gaisa da shi, tsaye ba takalmi a ƙofar wannan ƙaton banza. Akwai guduma a jingine kusa da ƙafata. Na dube ta, na dubi ƙeyarsa. Paci, wanda ya biyo ni amma bai ji ko kalma ɗaya ba, ya taka ƙotar gudumar da takalminsa ya tsaya a kai, yana kallon tsauni kamar ba ruwansa. Na ɗauke idona daga gudumar na ce, "Allah ya jiƙansa. Alhaji, mu je ka ga dutse."

Ni ne tafinta. Mai tumbi ya zagaya da shi, Alhaji Bawa na ganin fuskarsa a jikin baƙin allo ya tsaya yana gyara hula. Ya ce wannan yake so, kuma ba a ɗaki zai ɓoye shi ba, tsakar gida za a shimfiɗa da farfajiyar ƙofa har bakin titi, kowa ya gani. Na juya wa mai tumbi maganar. Ya zaro ido ya ce, "A Afirka? A fili? Gaya masa baƙin na cikin ɗaki ne. A rana zai ƙona ƙafar mutum. Ya ɗauki farin can na ƙasan tsauni, ya fi sanyi, ya fi araha."

A daidai nan goshina ya tuna mini da sallar azahar. Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun da na zo.

Na ce, "Alhaji, ya ce ka ɗauki hwarin can. Wai ya hi arha. Wai baƙin ba kowa ka iya mai ba."

Alhaji Bawa ya kumbura kamar kwaɗo. "Ni za ya hwaɗa ma arha? Hwaɗa mai baƙin nika so, kuma duk wanda ag goge shi loda min!" Na gaya wa mai tumbi, ya ɗaga kafaɗa, ciniki ya faɗa. Sannan na ce wa Alhaji dutsen nan ba kowane magini ya san shimfiɗa shi ba, in aka ba 'yan Gusau za su farfasa masa. Nan take ya karɓo fasfona daga aljihun mai tumbi ya ce in shirya. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Da zan tafi na gaya wa Paci komai. Ya daɗe yana sosa wuyan bijiminsa, sannan ya ce, "Ka lulluɓe dutsen har ranar buɗe gidan. Kada rana ta gan shi kafin mutane su gan shi." Inna Mayite ta wanke 'yar tukunyar nan mai jan zare ta cusa a cikin kayana, tana faɗa da harshensu wai ban iya ɗaurin kaya ba. Tana nan a ɗakina har yau.

Da muka iso gida na fara zuwa Bungudu na ga Inna, ta tsufa kamar ba ita ba. Na je kabarin Baba. Daga nan na wuce bayan gari. Inda falalen dutsenmu yake, rami na tarar, da koren ruwa kwance a ciki, da yara suna jifan kwaɗi. Ban yi kuka ba. Na koma Gusau na fara aiki.

Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Kowane allo na zaunar da shi a siminti yadda ko bayan ran jikokin Alhaji ba mai ɓamɓare shi da daɗi. Duk inda na gama sai in rufe da buhuna da zana, in ce wa Alhaji kada a kuskura a buɗe, ƙura za ta kashe sheƙin. Kullum sai ya zo ya ɗaga gefe ɗaya da sassafe ya leƙa fuskarsa ya yi murmushi, ya ce, "Lawali, ka ga amfanin tura ka Turai?" In ce, "Na gani, Alhaji." Shi ya tsayar da ranar walimar buɗe gida, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ni na ba da shawarar a kafa rumfuna a gefe-gefe a shimfiɗa tabarmi da darduma don baƙi, a bar tsakiya fili, in ba haka ba wa zai ga dutsen? Ya ce kaina na ja.

Da asuba muka kwashe zana, muka wanke dutsen. Rana ta fito ta same shi tsirara. Kafin hantsi ya yi nisa, in ka dubi farfajiyar sai ka ga iska na rawa a kanta.

Manyan Gusau sun zo, 'yan kasuwa da masu motoci, har da hakimi. Aka zauna a inuwa ana ta salati da kyan dutse. Cikin malaman da aka gayyato akwai Malam Isa, limamin unguwarmu a Bungudu, wanda ya raka Baba gidan Alhaji ranar da ya tsaya cikin rana, shi ya riƙo shi zuwa tasha. Da yake shi ne mafi tsufa, shi aka ba addu'a. Ina tsugune a bayan rumfa na ga ya miƙa hannu bayan tabarma ya dafa dutsen da ke rana, ya janye da sauri. Ya waiwayo ya neme ni da ido har ya same ni. Sai ya gyara rawaninsa.

Aka gama azahar, maroƙi ya yi shela maigida ya fito a yi masa addu'a. Alhaji Bawa ya fito cikin shadda tana ƙara. Ba a tsayawa gaban hakimi da malamai da takalmi, don haka ya tuɓe su a bakin zaure, ya tako tsakiyar fili inda kowa zai gan shi, ya tsuguna ya ɗaga hannuwa. Tun a taku na uku na ga fuskarsa ta canza. Amma ido ɗari na kansa.

Malam Isa ya fara. Ya yi wa Annabi salati mai tsawo. Ya roƙa wa hakimi, ya roƙa wa ƙasa, ya roƙi damina mai albarka. Alhaji Bawa ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora a kan ta hagu. Malam ya shiga iyayen Alhaji, da kakanninsa na wajen uwa da na wajen uba. Gumi ya jiƙa shaddar har baya. Malam ya koma kan motocin Alhaji, yana roƙa wa kowace tsari daga hatsari, ɗaya bayan ɗaya, jama'a na cewa amin. Amin ɗin Alhaji ta fara fita da ƙarfi fiye da ta kowa, kamar mai kiran a kawo ɗauki. Sai Malam ya ce, a hankali, "Mu kuma tuna da mamatanmu, musamman waɗanda anka zalunta."

A nan ya kasa. Ya yi wata ƙara ya zabura, rigar ta harɗe shi ya dafa ƙasa da hannu biyu, hannun ma ya sha nasa. Ya tashi yana tsalle-tsalle, ya ratsa gaban hakimi a guje, hula ta faɗi, ya afka da ƙafafu biyu cikin bahon da aka tara ruwan alwala. Ba a shafa fatiha ba maigida ya gudu daga addu'arsa. Sai wani direba a baya ya fashe da dariya, shi ke nan rumfa ta ɗauka. Hakimi ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

Na je na tsaya a kansa. Tafin ƙafarsa ya tashi fari. Ya ɗago ido jajur ya ce, "Lawali, ka san da wanga!"

Na ce, "Alhaji, Bature ya ce ka ɗauki hwari, na kau hwaɗa maka. Kai kac ce baƙi." Na sunkuya yadda shi kaɗai zai ji. "Ko addu'a guda ba ka iya tsayawa ba. Baba tun hantsi har azahar yat tsaya."

Na ɗauki takalmansa daga bakin zaure na ajiye masa a can tsakiyar fili, na fita.

Ya yi makonni ana ɗaukarsa zuwa mota. Kafin ya warke duk tashar Gusau ta san gidan da Gidan Tanda, shi kuma Bawa Tanda, sunan da ya bi shi har kabari, ya kuma bi 'ya'yansa. Daga baya ya rufa wa tsakar gidan kwano, amma farfajiyar waje ta gagare shi, don na ce muku na zaunar da ita da kyau.

Akwai masu ce mini ya kamata in yafe, tunda mutumin ya mutu. Su yafe nasu. Dutsenmu bai dawo ba, Baba bai ga dawowata ba, shekarun da na kwashe ina neman gabas a cikin yayyafi ba wanda zai biya ni. Har yanzu duk bazara in na shiga Gusau, nakan bi ta Sabon Gari da azahar, in tsaya a ƙofar gidan, in sunkuya in dafa baƙin dutsen da tafin hannuna. Masu shagon gefen suna tsammanin aikina nake dubawa. Yana nan da zafinsa, ni ma haka.